Gidajen Kakanni da Aka Bar wa Mutanen Ɓoye

Duk wanda ya bi hanyar karkara a ƙasar Ailan, ba zai yi nisa ba sai ya hangi wani kewayayyen tudu a tsakiyar gona, ƙaya ta rufe shi, garma ta zo ta zagaye shi ta wuce. In ya tambayi dattijon ƙauyen, zai ji cewa gidan "mutanen kirki" ne, ko reshe ba a karyawa a cikinsa. In kuma ya ƙetare teku ya shiga tsaunukan Sikotilan, zai riƙa ganin 'yan ƙananan tsibirai a tafkuna, kewayayyu kamar faifai, nisan jifa daga gaɓa, itatuwa sun yi musu rawani. Ba igiyar ruwa ce ta tara su ba. Mutane ne suka jibge su da hannu, gungume bisa gungume, dutse bisa dutse, suka kafa gida a kai.

Masu wannan ƙasa, wato al'ummar Gael da ke magana da harshen Gelik a Ailan da yammacin Sikotilan, kowane iri sun raɗa masa sunansa. Ganuwar ƙasa ita ce ráth ko lios. Ta dutse, caiseal ko cathair. Mazaunin mai iko, dún. Tsibirin da aka gina a ruwa kuwa crannóg, daga kalmar crann, wato itace. Sunayen sun bi garuruwa har yau. Donegal asalinsa Dún na nGall, ganuwar baƙi, birnin Edinbara kuma a bakin Gael Dùn Èideann ne.

Labarin waɗannan wurare kashi biyu ne, na baka da na ƙasa. Na baka shi ne abin da mawaƙa da malaman rubutu da tsofaffin ƙauye suka faɗa. Na ƙasa shi ne abin da masu tonon kufai suka zaƙulo suka auna. Sau da yawa ba sa haɗuwa, kuma ba zan tilasta musu haɗuwa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda jama'a suka wayi gari ba su shaida gidajen kakanninsu ba, har suka sallama su ga baƙi da aljanu, sannan wannan mantuwar ta zama shingen da ya tsare gidajen.

Tun ba a ji sunan Gael ba: 3600 zuwa 1100 kafin Miladiyya

An daɗe ana ɗauka cewa gina tsibiri a tafki ya faro ne a zamanin ƙarfe. Tsibiran Hebrides na can yammacin Sikotilan ne suka rushe wannan lissafi. A ƙarshen shekarun 1980 masanin kufai Ian Armit ya tona Eilean Dòmhnuill, wani ɗan tsibiri a tafkin Olabhat da ke Uist ta Arewa, ya tarar da mazaunin manoma na zamanin dutse, wanda ruwa ya sha cinyewa ana dawowa ana sake ɗaga shi. Aka ɗauka shi kaɗai ne irinsa. Sai wajen 2012 wani tsohon mai nutso na sojan ruwa, mazaunin tsibirin Lewis, ya nutsa kusa da wani tsibiri makamancin wannan, ya ga tukwanen ƙasa zube a ƙasan tafki, wasu da kyar suka tsage. Binciken da Duncan Garrow da Fraser Sturt suka fitar a 2019 ya nuna an gina wasu daga cikin tsibiran tsakanin 3640 da 3360 kafin Miladiyya, tun ba a ɗora dutsen farko na dalar Giza ba. Tukwanen suna ɗauke da baƙin wuta, alamar an yi girki da su, kuma yadda suka taru a gefen tsibiran ya nuna da gangan aka saka su a ruwa. Waɗannan magina sun riga harshen Gelik zuwa duniya da dubban shekaru.

Haka abin yake a Dún Aonghasa, ganuwar dutsen da ke tsibirin Inis Mór a gaɓar yammacin Ailan. Tana bakin wani gangaren dutse mai zurfin sama da mita 80, teku na dukan gindinsa dare da rana, katangunta a jere kamar kofaton doki, a wajensu kuma an kakkafa dubban duwatsu masu tsini don kada mahari ya samu wurin sa ƙafa. Tonon da Claire Cotter ta jagoranta daga 1992 zuwa 1995 ya nuna an fara ginin wajen 1100 kafin Miladiyya, a zamanin tagulla, har an samu ɓaraguzan tukwanen zubi na maƙera. Wannan shi ne na ƙasa. Na baka kuwa, an ce Aonghas ɗan Úmór ne ya gina ta, basaraken wata al'umma da ake kira Fir Bolg. Wai an ci su da yaƙi sun yi hijira, suka dawo suka zauna ƙarƙashin sarkin Tara, haraji ya yi musu nauyi, suka tsere yamma har suka ƙure da teku. Labarin ya zo a rubuce-rubucen ƙarni na 11, kimanin shekara dubu biyu bayan ginin. Ba shaida ba ce a kan magina. Shaida ce a kan halin Gael, waɗanda ba sa iya ganin kufai su bar shi babu mai shi.

Zamanin ƙarfe: 500 zuwa 95 kafin Miladiyya

Tafkin Tay da ke tsakiyar Sikotilan yana da irin waɗannan tsibirai kusan ashirin. Ɗaya daga cikinsu, Oakbank, shi Nick Dixon ya fara tonawa a ƙarƙashin ruwa a 1980. Gida ne kewayayye da aka ɗora bisa turaku wajen 500 kafin Miladiyya, da 'yar gada zuwa gaɓa. Ruwan tafkin mai sanyi ne, laka kuma ta hana iska shiga, don haka abin da zai ruɓe a tudu cikin damina biyu ya kwana shekara 2,500 a nan. An ga shimfiɗar ganye a daɓen ɗaki da kashin tumaki a cikinta. An ga ƙwallayen 'ya'yan itace da aka tsotse aka yar, da filafilin kwalekwale, da ɗan ƙyallen saƙa. An kuma ciro wani akushi mai huji-huji a gindi, da sauran man shanu manne a jikinsa. Ni dai wannan akushi ya fi takobi faɗa mini gaskiyar wurin. Mutanen gida ne, masu tatsa da kaɗa nono, waɗanda suka ga ya fi musu su kwana da dabbobinsu ruwa na gadinsu.

A arewa da tsibiran yamma kuwa, a ƙarnukan ƙarshe kafin Miladiyya, aka yi yayin wasu hasumiyoyin dutse marasa laka, masu bango biyu da matakala a tsakaninsu. Dùn Chàrlabhaigh na tsibirin Lewis har yanzu wani ɓangarensa ya kai mita 9. Da Gael suka gaji wuraren, sai suka jingina da yawa daga cikinsu ga Fionn da mayaƙansa, jaruman tatsuniya da aka ce ƙattai ne.

Amma inda na baka da na ƙasa suka fi kusantar juna shi ne Emain Macha, kusa da birnin Armagh a arewacin Ailan. A tatsuniyoyin Ulster nan ce fadar sarki Conchobar, nan yaro Cú Chulainn ya yi wasa kafin ya zama barde. Ga yadda aka ce sunan ya samo asali. Wani manomi ya yi cika baki a wurin taro cewa matarsa Macha ta fi dawakin sarki gudu. Sarki ya ce sai an gwada, ko a sare kan mijin. Macha na da tsohon ciki, ta roƙi jama'a su jira ta sauka, babu wanda ya tausaya. Ta yi tseren, ta riga dawakin, ta faɗi a bakin iyaka ta haifi tagwaye, shi ya sa ake cewa Emain Macha, tagwayen Macha. Kafin ta cika ta yi wa mazan Ulster baki, cewa duk ranar da yaƙi ya fi matsa su, ciwon naƙuda zai kwantar da su, har tsatso tara.

Dudley Waterman ya tona babban tudun daga 1963 zuwa 1971. Bai tarar da zauren shagali irin na tatsuniya ba. Ya tarar da ƙaton gini kewayayye mai faɗin mita 40, ginshiƙai ɗaruruwa a jere da'ira cikin da'ira, da wani jibgegen ginshiƙi a tsakiya. Ƙidayar zoben jikin itacen ta nuna an sare shi a 95 kafin Miladiyya, ko farkon shekarar da ta biyo. Ba a daɗe da gama ginin ba aka cika cikinsa da duwatsu, aka cinna masa wuta, aka binne shi da ƙasa. Aiki ne na ibada da aka tsara tun farko. Ko gwalalon da ya kewaye wurin a cikin ganuwa yake, ba a waje ba, wanda duk mai hankalin yaƙi ya san ba haka ake tare abokin gaba ba. A wani bene na ƙasa da ya girmi wannan gini an samu ƙoƙon kan biri irin na tsaunukan Arewacin Afirka. Wani ya ɗauko dabbar nan ta teku tun daga can, aka kai ta wannan tudu, abin da ke nuna girman masu wurin. Saboda haka tatsuniya ta yi kuskuren irin ginin, amma ba ta yi kuskuren wurin ba. Sama da shekara dubu bayan wutar, lokacin da ake kwafe labaran cikin littafin Lebor na hUidre wajen 1100, ba a manta cewa nan ce cibiyar Ulster ba.

Zamanin ganuwar manomi: 600 zuwa 900

Addinin Kirista ya shiga Ailan a ƙarni na 5, ya zo da rubutu, kuma daga nan ne tarihi ke samun shekaru tabbatattu, domin malaman gidajen ibada sun riƙa rubuta abin da ya faru shekara-shekara. A wannan zamani ne aka gina mafi yawan kewayayyun tudun da na fara da su. An ƙirga sama da 40,000 a Ailan, kuma binciken Matthew Stout ya nuna akasarinsu tsakanin 600 da 900 aka yi su. Faɗin na talaka wajen mita 30, gwalalo ɗaya, ganuwa ɗaya da kafi a kanta, ƙofa galibi tana duban gabas.

Dalilin yawansu shanu ne. Ƙasar a rarrabe take cikin ƙananan masarautu fiye da ɗari, babu birane, babu kuɗin ƙarfe. Da saniya ake biyan sadaki da diyya da haraji, har farashin baiwa da shanun tatsa uku ake lissafa shi. Inda dukiya ke tafiya da ƙafa huɗu, harin shanu sai ya zama sana'ar samari da hanyar da sabon sarki ke nuna isarsa. Ganuwar ba za ta tare runduna ba, amma za ta tsayar da 'yan hari da kyarkeci har gari ya waye a yi gangami. Ita ce kuma tufar martaba. Littafin shari'a na Críth Gablach, na wajen 700, ya ƙayyade faɗin dún ɗin sarki ƙafa 140, ya ce talakawansa ne za su haƙa masa ƙarin ganuwa a matsayin aikin da ke wuyansu. Wanda ya hangi ganuwa uku daga nesa ya san hannaye nawa ke ƙarƙashin mai gidan.

A Deer Park Farms da ke yankin Antrim, inda danshi ya adana komai, tonon shekarun 1980 ya fito da ɗakunan kansu. Kewayayyu ne, an saƙa bangonsu da sanduna kamar kwando, bango biyu, an cusa ciyawa da gansakuka a tsakani saboda sanyi, wani ɗaki manne da wani ta ƙofa ɗaya. Waɗannan su ne gidajen da jikoki za su ce na aljanu ne.

Manya kuwa sun fi son ruwa. Ailan na da crannóg kimanin 1,200, kuma mafi shahara ita ce ta Loch Gabhair, wadda ake kira Lagore, a yankin Meath, mazaunin sarakunan Brega ta Kudu tun ƙarni na 7. An samu takubba a can, da duwatsun ado na gilashi, da kayan maƙeran tagulla. An kuma samu sarƙoƙi da maruruwan wuya na ƙarfe, irin waɗanda ake sa wa bayi ko waɗanda aka riƙe jingina. Tsibiri yana hana shiga, yana kuma hana fita.

A wancan ƙetaren, a Sikotilan, Gael na masarautar Dál Riata sun kafa cibiyarsu a kan dutsen Dunadd a yankin Argyll. Rubutaccen tarihi ya ambaci an yi masa ƙawanya a 683, kuma Óengus ɗan Fergus, sarkin al'ummar Pict, ya ci shi a 736. Kusa da ƙololuwarsa akwai sawun ƙafa da aka sassaƙa a fa. Mutanen yankin sun ce sawun Oisín ɗan Fionn ne, wai ya yi tsalle daga wani tsauni ya dira a nan. Masana kuwa suna ganin a nan sabon sarki ke sa ƙafa ranar naɗi, domin an ba da labarin irin wannan al'ada a tsibirin Islay a zamanin baya.

Wuta da ramuwa: 795 zuwa 1101

Maharan teku na Iskandinabiya, waɗanda ake kira Viking, sun fara faɗa wa gaɓar Ailan a 795. Ba su daɗe ba suka shiga rigimar cikin gida, kowane sarki na neman ya yi hayarsu. A 850 Cináed ɗan Conaing, sarkin arewacin Brega, ya haɗa kai da su ya yi wa babban sarki Máel Sechnaill tawaye, ya afka wa tsibirin Lagore ya baje shi har ƙasa. Shekara na zagayowa aka kama shi, Máel Sechnaill da Tigernach mai Lagore suka sa aka nutsar da shi a ruwa, duk da lamunin da manyan ƙasa suka tsaya masa. Aka sake gina tsibirin, wani basaraken Viking na Dublin, jikan Ímar, ya sake rushe shi wajen 934. Duk da haka sarakuna ba su bar ruwa ba. Máel Sechnaill na biyu, wanda Brian Boru ya karɓe wa sarauta ya kuma dawo kanta bayan yaƙin Clontarf na 1014, a kan ɗan tsibirin Cró Inis na tafkin Ennell ya cika a 1022.

Rushe mazaunin abokin gaba ya zama hanyar ci masa mutunci. A 1088 Domnall Ua Lochlainn na arewa ya rushe Kincora, gidan zuriyar Brian. Muirchertach Ua Briain ya riƙe abin a ciki shekara 13, sannan a 1101 ya hau arewa da runduna ya rushe Aileach, mazaunin sarakunan can, wanda aka fi ɗauka shi ne ganuwar dutsen Grianán da ke kan tudu a Donegal. Kundin da aka tattara a shekarun 1630 ya ƙara da cewa ya umarci mayaƙansa, duk buhun guzurin da ya ƙare a ɗauki dutse ɗaya na ganuwar a madadinsa a kai Limerick. Wannan ƙarin ya zo ne daga baya. Ganuwar da baƙi ke hawa yau kuwa, wani likita mai suna Walter Bernard ne ya sake tayar da ita a shekarun 1870.

Mantuwa da tsayuwar ƙarshe: 1169 zuwa 1653

Tun wajen shekara ta 1000 aka rage gina ráth. Masana na danganta hakan da yadda iko ya tattaru a hannun manyan sarakuna kaɗan, ƙananan masu shanu suka koma 'yan haya, noman hatsi ya ƙaru, gidaje masu kusurwa huɗu marasa ganuwa suka maye gurbi. Da Normawa suka shigo daga Wales a 1169, sun tarar da yawancinsu kufai. Wani malamin coci, Gerald na Wales, wanda ya zo Ailan a 1183 da 1185, ya rubuta cewa ya ga ganuwoyi kewayayyu ko'ina babu kowa a ciki, ya ce Turgesius, shugaban Viking da aka nutsar a tafkin Owel a 845, shi ya gina su. A duba wannan da kyau. Shekara ɗari uku kacal bayan ganiyar gininsu, an riga an ba wa baƙo su. Wannan zance ya yi tsawon rai, har Thomas Molyneux ya buga littafi a 1725 yana kiran su ginin mutanen Denmak, manoma da yawa kuma suka riƙe sunan. Akwai siyasa a ciki, domin mai mulkin mallaka yana jin daɗin a ce 'yan ƙasa ba su taɓa gina komai ba.

Tsibiran tafki sun fi ganuwoyi jimiri. A Islay, Sarakunan Tsibirai na gidan MacDonald suna zama a tafkin Finlaggan, majalisarsu na taro a kan wani ɗan tsibiri da ake kira Eilean na Comhairle, tsibirin shawara, wanda aka ɗora bisa tsohon gini na zamanin ƙarfe, har sarki James na huɗu ya karɓe sarautar a 1493. A Ulster, cikin yaƙin shekara tara da Hugh O'Neill ya yi da sojan sarauniya Elizabet har zuwa 1603, a crannóg ake ɓoye albarushi da dukiya da raunana. Wani mai zanen taswira na rundunar Ingila, Richard Bartlett, ya bar mana hoton hari a kan irin wannan tsibiri wajen 1602. Bayan 'yan shekaru wani jami'in Ingila ya ba da rahoton cewa mutanen Donegal sun sare kan Bartlett, don ba sa son a tone asirin ƙasarsu. Sun fahimci abin da taswira ke jawowa. A 1602 ɗin ne kuma Mountjoy, jagoran rundunar Ingila, ya farfasa kujerar dutsen da ake naɗa O'Neill a kanta a ganuwar Tullyhogue.

Igwa ce ta kashe amfanin tsibiri, domin nisan jifa ba komai ba ne a wurinta. A 1608 gwamnatin Sikotilan ta umarci shugabannin tsibiran yamma su miƙa gidajen tsaronsu, ta ambaci crannóg a ciki da sunanta. A wajen wannan lokaci aka ce 'yan gidan Morrison na Lewis sun sato shanun 'yan gidan MacAulay suka fake a tsohuwar hasumiyar Chàrlabhaigh, sai Dòmhnall Cam MacAulay ya hau bangon da wuƙaƙe biyu yana cusa su a tsagar duwatsu, ya watsa musu busasshiyar ciyawa mai wuta daga sama, hayaƙi ya gama da su. Wannan na baka ne, amma yana nuna ginin na da amfani shekara 1,500 bayan maginansa. A Ailan, Phelim O'Neill, jagoran tawayen 1641, a kan crannóg ta tafkin Roughan aka kama shi a 1653, aka kai shi Dublin aka kashe.

Masu gida na biyu

Da mutane suka fita, sai labari ya shiga. Tsofaffin littattafai sun ce da kakannin Gael, 'ya'yan Míl, suka ci al'ummar Tuatha Dé Danann da yaƙi, an raba ƙasar biyu, masu nasara suka ɗauki sama, waɗanda aka ci suka shige ƙarƙashin tuddai. Da farko manyan kaburburan zamanin dutse ake nufi, irin su Newgrange. A hankali zancen ya bazu ya mamaye kowane lios na bayan gida. Ba a kiran mazaunansa da sunansu, sai a ce na daoine maithe, mutanen kirki, kamar yadda mu ma kan kauce mu ce mutanen ɓoye. An ce a daren Samhain, farkon Nuwamba, da na Bealtaine, farkon Mayu, ƙofofin a buɗe suke, ana ganin fitilu ana jin kiɗa. An ce wane ya sa garma a ganuwa saniyarsa ta mutu, wane ya sare ƙayar ciki hannunsa ya shanye. An ce sukan ɗauki ungozoma cikin dare ta karɓi haihuwarsu, kuma duk wanda ya ci abincinsu ba ya dawowa. Tafkuna ma sun samu rabonsu. Gearóid Iarla, basaraken Desmond, tarihi ya ce ya rasu a 1398, amma mutanen tafkin Gur sun ce yana ƙarƙashin ruwa, duk shekara bakwai yakan fito bisa doki mai takalman azurfa.

Akwai abin tausayi a ciki. Jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, ba a yarda a binne su a maƙabartar coci ba, sai iyaye su kai su cikin tsohuwar ganuwa da dare, inda suka tabbata babu garmar da za ta bi ta kansu. Akwai kuma abin tsoro, wanda bai kamata mai son waɗannan labarai ya ɓoye ba. A watan Maris na 1895, a Ballyvadlea ta yankin Tipperary, wata maɗinkiya 'yar shekara 26, Bridget Cleary, ta kwanta ciwon ƙirji. Mijinta Michael ya ƙudurta cewa an musanya ta, wadda ke kwance ba matarsa ba ce. A gaban danginta ya zuba mata kananzir ya ƙone ta. Sannan ya riƙa zuwa ganuwar Kylenagranagh da dare da wuƙa a hannu, yana jiran ta fito bisa farin doki ya yanke igiyar ya karɓe ta. Kotu ta ɗaure shi shekara 20.

Daga 1839 zuwa yau

Lagore ta koma dausayi, an manta da ita, har 1839 da leburori masu haƙa magudana suka ci karo da tarin ƙasusuwan dabbobi. An ba da rahoton an kwashe amalanke 150 an sayar don yin taki kafin masana su farga. William Wilde, mahaifin marubuci Oscar Wilde, shi ya gabatar da bayanin wurin a 1840, kuma daga nan aka fara nazarin crannóg. Da ruwan tafkunan Suwizalan ya janye a hunturun 1853 zuwa 1854 turakun tsofaffin ƙauyuka suka bayyana, sai Turai duka ta kamu da sha'awar abin. Robert Munro ya rubuta littafi kan crannóg na Sikotilan a 1882, Wood-Martin na Ailan a 1886. A 1908 wani malamin gidan ibada na Fort Augustus, Odo Blundell, ya ari kayan nutso masu nauyi ya shiga tafkin Ness don ya gani da idonsa ko tsibirin Eilean Muireach ginin hannu ne. Ya tarar haka ne.

Na baka ma ya samu masu tattara shi. Daga 1937 Hukumar Adabin Baka ta Ailan ta sa yaran makarantun firamare kimanin 5,000 su je wurin kakanninsu su rubuto abin da suka ji, kuma da wuya ka buɗe littafin wata makaranta ba ka ga labarin ganuwar unguwarsu ba. An yi wannan a kan gaɓa. Da katafila ta shigo gonaki, musamman bayan Ailan ta shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai a 1973 aka samu tallafin faɗaɗa noma, dubban ganuwoyin da taswirar shekarun 1840 ta nuna suka ɓace, duk da dokar kare kayan tarihi da ke nan tun 1930. Mai sheƙa da fartanya yana jin tsoro, amma direban haya da ya zo daga wani gari bai san labarin wurin ba. A ganina tsoron nan ya tsare abin da doka ta kasa tsarewa.

Bai mutu gaba ɗaya ba. A 1999, da za a yi sabuwar babbar hanya a Latoon ta yankin Clare, mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya tashi ya ce wata bishiyar ƙaya da ke wurin matattarar mutanen ɓoyen Munster ce in za su fita yaƙi da na Connacht, taɓa ta zai jawo haɗari. Labarin ya kai jaridun Amurka. Aka daidaita aikin, aka kewaye bishiyar da shinge, hanya ta wuce ta gefenta.

A Drumclay, kusa da garin Enniskillen, babu wanda ya tsaya wa wurin da irin wannan labari. Crannóg ce a tafkin da ya ƙafe, aka ja layin hanya ta kanta. Aka ba masu tono 'yan makonni a 2012, sai da wasunsu suka yi ƙorafi a bainar jama'a aka ƙara musu lokaci zuwa 2013, ana gaggawa saboda taron ƙasashen G8 da za a yi a bakin tafkin Erne a watan Yuni. Sun tarar da gidaje sama da 30, wani bisa wani, tun daga farkon ƙarni na 9 har wajen 1600, kowane murhu a kan tokar na gabansa. Suka kwashe takalman fata, da akusa, da 'ya'yan dara, da matajan ƙashi masu zane. Da suka tattara kayan aikinsu, aka zuba kwalta.